Gurbin Matuƙi da Ƙofar Sauka: Yadda Igiyoyin Jirgin Ruwa Suka Taru a Hannun Mutum Ɗaya

Gabatarwa

Ƙasarmu ba ta da bakin teku, amma kakanninmu sun san jirgin da iska ke turawa. Alhazan da suka tashi da ƙafa daga Damagaram, Maraɗi ko Tawa, suka ratsa Cadi da Sudan, a Sawakin suke iske shi, shi ne kuma yake ƙetarar da su Bahar Maliya zuwa Jidda. A irin wannan jirgi na Larabawa, ɗaga ƙyallen iska aikin gayya ne: mutane da yawa ke kama igiya guda su ja tare, matuƙi kuwa yana zaune can baya a sarari. Haka abin yake a Turai ma har ƙarshen ƙarni na 19. Amma a watan Janairu na 2025 wani Bafaranshe, Charlie Dalin, ya kammala zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana 64, a jirgi mai tsawon mita 18, bai yada zango ko'ina ba, kuma mafi yawan aikin daga cikin wani ɗan ɗaki rufaffe ya yi shi.

Ta yaya aikin gayya ya koma aikin mutum guda? Amsar tana cikin abubuwa uku waɗanda mai kallon jirgi daga nesa ba ya lura da su. Na farko shi ne gurbin matuƙi, wato ɗan ramin da ke bayan jirgi inda ake zama a riƙe akala, ma'ana sandar da ake juya jirgin da ita. Na biyu shi ne ƙofar sauka, wadda ta haɗa wannan gurbi da ɗakin da ke cikin gangar jirgin. Faransawa na ce mata descente. Na uku shi ne hanyar da igiyoyi ke bi daga jigo, wato dogon ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyallen iska, har su iso hannun mai ja. Tarihin waɗannan abubuwa uku ya nuna cewa abu biyu ne suka tsara su: ƙarancin hannu da asarar rayuka.

Zamanin hannu da yawa

Jirgin Cutty Sark, wanda aka ƙera a Birtaniya a 1869 domin jigilar shayi daga ƙasar Sin, yana da ƙyallayen iska 32 da igiyoyin da jimillar tsawonsu ta kai kusan kilomita 18. Kowace igiya tana da turkenta a gefen jirgi ko a gindin jigo, kuma wurin nan ba ya sakewa. Dalili kuwa shi ne, da dare cikin hadari ba ido ke aiki ba, hannu ne. Ma'aikacin da ya kwance igiyar da ba ita aka nufa ba yana iya jefa abokansa da ke saman jigo cikin teku. Saboda haka karatun farko na sabon yaron jirgi shi ne haddace mazaunin kowace igiya. A wannan tsari igiya tana inda take, mutum ne ke zuwa wurinta, ko da kuwa raƙuman ruwa na share doron jirgin.

A shekarar da aka ƙera Cutty Sark aka buɗe mashigin Suwez, jiragen tururi kuma suka fara ƙwace fataucin teku. Masu jiragen iska ba su da hanyar yin gasa da su sai ta rage ma'aikata. Daga nan ne manaɗi ya samu shiga, wato wani gangan ƙarfe da ake naɗa igiya a jikinsa a juya shi da hannu, ya ninka ƙarfin mutum. Wani kyaftin ɗan Sikotilan, John Jarvis, ya ƙirƙiro manaɗin da ke juya sandunan ƙyalle gaba ɗaya, Jamusawa kuma suka rungume shi. Da irin waɗannan kayan aiki ne jirginsu Preussen na 1902, mai jigo biyar da ƙyallaye 47, yake tafiya da ma'aikatan da ba su kai hamsin ba.

Ita kanta kalmar da Turawan Ingila suka raɗa wa gurbin matuƙi, wadda Faransawa suka ara kamar yadda take, tana da tarihi mai ban mamaki. Asalin ma'anarta ramin da ake haɗa zakaru faɗa. A jiragen yaƙi na ƙarni na 18 sai ta zama sunan wani ɗaki mai duhu can ƙasa, inda likita ke yanke gaɓoɓin waɗanda suka ji rauni. A irin wannan ɗaki ne Nelson, babban hafsan ruwan Ingila, ya cika a yaƙin Trafalgar a 1805. Daga baya ne sunan ya hau sama ya koma na mazaunin matuƙi a ƙananan jirage, daga can kuma jirgin sama ya gaje shi.

Darasin ƴan ja-gaba

Waɗanda suka fara matso da igiya kusa da matuƙi talakawa ne masu neman abinci, wato ƴan ja-gaban tashoshin ruwa. Aikinsu shi ne su tari manyan jirage a teku su shigo da su tasha lafiya, kuma wanda ya riga isa shi ke samun aikin. A mashigin Bristol na Ingila, idan ja-gaba ya hau babban jirgi, babba guda da yaro guda yake bari su komo da nasa ƙaramin jirgin gida, rani da ɗari. Dole ce ta sa suka yi gurbi ƙarami mai zurfi wanda mutum ke tokare jikinsa a ciki, suka kawo manyan igiyoyin juya ƙyalle kusa da akala, suka kuma yi dabarar rage girman ƙyalle ta hanyar naɗe shi a jikin sandarsa ta ƙasa. Ƴan ja-gaban Le Havre a Faransa su ma sun yi suna da irin wannan sana'a. Ɗaya daga cikin jiragensu, Jolie Brise, wanda aka ƙera a 1913, shi ya ci gasar Fastnet ta farko a 1925, gasar da za mu sake cin karo da ita nan gaba.

Attajirai kuwa wata hanya suka bi. Jirgin tsere Reliance, wanda Nathanael Herreshoff ya zana a Amurka a 1903, yana ɗauke da ƙyallen da faɗinsa ya kai murabba'in mita 1500. An sa masa manaɗai a ƙarƙashin doro, amma duk da haka mutum 64 ke aikinsa. Mai kuɗi yana iya sayen hannu. Wanda ba shi da su, sai ya nemi dabara.

Masu tafiya su kaɗai

Joshua Slocum ya bar Boston a watan Afrilu na 1895 a cikin Spray, tsohon jirgin kamun kawa mai tsawon mita 11 da ya sake ginawa da hannunsa, ya komo Amurka a watan Yuni na 1898, shi ne mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai. Sirrinsa shi ne daidaita ƙyallaye ta yadda jirgin zai riƙe hanya da kansa bayan an ɗaure akala. Wannan ya warware matsalar barci da girki, amma bai warware ta igiya ba: duk lokacin da iska ta sake, sai ya fita zuwa gindin jigo. Bafaranshe Alain Gerbault ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka a 1923, lokacin da ya yi kwana 101 tsakanin Jibralta da Niyok a cikin Firecrest, jirgin tsere na 1892 wanda aka tsara domin hannu da yawa. Ƙyallayensa sun yi ta yagewa, shi kuwa ya yi ta rarrafe zuwa goshin jirgi yana sauke su yana ɗinki.

Wanda ya juya tambayar gaba ɗaya shi ne Herbert Hasler, tsohon hafsan sojan Ingila wanda ya jagoranci harin kwale-kwale a tashar Bordeaux a 1942. A ganinsa, tun da doron jirgi shi ne wurin da mutum ke faɗawa ruwa, magani shi ne kada a taka shi. Ya ɗauki ɗan jirgi mai tsawon mita 7 da rabi, mai suna Jester, ya rufe gurbinsa ruf, ya bar wata ƙofa zagayayya a tsakiyar rufi wadda yake leƙowa ta cikinta zuwa ƙirji. Ya aro ƙyalle irin na jiragen Sin, mai sanduna a gicciye, wanda ke naɗewa kashi-kashi kamar asabari idan an sassauta igiya guda. Dukan igiyoyi ya kawo su bakin wannan ƙofa, ya kuma ƙera wata na'ura mai fiffike wadda iska ke motsawa ta riƙe akala. A 1960, a gasar farko ta ƙetare Atlantika mutum shi kaɗai, daga Plymouth zuwa Niyok, jirage biyar suka shiga. Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40, Hasler na biyu cikin kwana 48 a jirgin da bai kai nasa girma ba ko kusa.

Bayan shekara huɗu sai Éric Tabarly, matashin hafsan sojan ruwan Faransa, ya ci wannan gasa cikin kwana 27 da Pen Duick II. Jirgi ne mai tsawon mita 13 da ɗoriya, na siraran allunan katako da aka manne, marar nauyi, kuma an raba ƙyallensa a kan jigo biyu domin kada guda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A bisa rufin ɗaki akwai wani ƙoƙon roba mai kama da gilashi, wanda yake sa kansa a ciki ya duba ƙyallaye ba tare da ya buɗe ƙofa ba. Shugaba de Gaulle ya ba shi lambar girma, matasan Faransa kuma suka yi tururuwa zuwa teku. Makarantar Glénans, wadda Philippe da Hélène Viannay suka kafa a 1947, ta koyar da dubbansu, kamfanoni irin su Bénéteau da Jeanneau suka shiga ƙera jiragen roba masu sauƙin kuɗi. Sabon mai jirgi yanzu magidanci ne da matarsa da ƴaƴansa, ba gayyar ma'aikata ba.

Ƙofar da ruwa ya samu a buɗe

Wannan sabon mai saye yana son gurbi mai faɗi inda iyali za su zauna su sha iska, da ƙofa mai faɗi marar dokin ƙofa wadda ake shiga ba tare da sunkuyo ba. Amma abin da ke da daɗi a tasha shi ne abin tsoro a tsakiyar teku, kuma lissafin ba shi da wuya. Gurbin da ke da tsawon mita 2, faɗin mita 1 da zurfin rabin mita, idan raƙumin ruwa ya cika shi, ya ɗora wa bayan jirgi nauyin da ya ɗara kilo 1000. Bayan jirgin sai ya nutse ƙasa, raƙumi na biyu ya hau cikin sauƙi, idan kuma ƙofar sauka ta faro daga daɓen gurbin, ruwan ya wuce ɗaki kai tsaye. Gurbin matuƙi kamar zaure yake a gidan Bahaushe: shi ke tsakanin waje da cikin gida, kuma duk abin da ya wuce shi ya riga ya shiga gida.

Ranar 11 ga Agusta 1979, jirage 303 suka tashi daga Cowes domin gasar Fastnet, tafiyar kimanin kilomita 1100 zuwa wani dutse a kudu maso yammacin Ailan sannan a komo Plymouth. Daren 13 zuwa 14 ga watan guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan. Jirage fiye da 70 suka kife, biyar suka nutse, aka gudu aka bar 24, ƴan gasa 15 suka rasu. Rahoton binciken da hukumomin wasan suka fitar a ƙarshen shekarar ya nuna wani ƙaramin abu mai babban sakamako. Ƙofar sauka ba ta da ƙyaure mai maratayi. Alluna biyu ko uku ne ake zurawa daga sama cikin tsagi, kuma a jirage da yawa bakin ƙofar ya fi faɗi a sama, ta yadda allo ke fita da zarar ya ɗan ɗaga. Da jirgi ya kife, sai allunan su zube cikin teku, ruwa ya kwararo ɗaki. Mutanen da suka ga ruwa har gwiwa cikin duhu sun ɗauka jirginsu nutsewa yake, suka koma kwale-kwalen roba na tsira. Bakwai daga cikin mamatan bayan barin jirgi suka rasu, alhali 19 daga cikin jirage 24 da aka bari an same su daga baya suna yawo a kan ruwa.

Ƙa'idodin da ake bi a gasannin teku tun daga lokacin sun ɗauki darasin dalla-dalla. Dole allunan ƙofa su kasance a ɗaure da jirgi, da sakatar da ake iya buɗewa daga ciki da daga waje, domin kada a kulle wani a ɗaki ko a bar wani a waje. Dole gurbi ya zubar da ruwansa da kansa ta magudanai masu faɗi. Idan bakin ƙofa ya sauka ƙasa da gefen jirgi, dole a iya toshe shi har zuwa wannan tsayi. Dole kuma a samu ƙarfen maƙala igiyar ɗamara dab da ƙofar, yadda mutum zai ɗaure kansa tun yana kan matakala, kafin ya fito. A 2001 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 11812 musamman a kan gurbin ƙananan jirage da saurin zubar ruwansa.

Fiyano da farashinsa

A cikin waɗannan shekaru ne kayan jan igiya suka kai inda Hasler ya yi fata. A da, manaɗi aikin mutum biyu ne, ɗaya na juyawa ɗaya na riƙe jelar igiya. A shekarun 1970 aka fito da mai muƙamuƙi a ka, wanda ke riƙe jelar da kansa. Lambar da ake rubutawa a bisansa tana nuna kusan sau nawa yake ninka ƙarfi, wato mai lamba 40 yana mai da jan kilo 10 ya zama kusan na kilo 400. Sai kuma mariƙi, ɗan akwati mai hannu wanda ke damƙe igiya bayan an ja ta, ta yadda manaɗi guda zai yi wa igiya biyar ko shida aiki bi da bi. Ana jera waɗannan mariƙai a kan rufin ɗaki, dama da hagu na ƙofar sauka, Faransawa kuma suka raɗa wa jerin suna fiyano saboda kamarsa da abin kiɗan nan. Ƙyallen gaba shi ma aka koma naɗe shi a jikin wayarsa da igiya guda daga gurbi.

Sai dai kowane sauƙi da kuɗinsa. Igiyar da ta sauko daga jigo, ta karya kwana a gindinsa, ta sake karya wata a kan rufi kafin ta iso mariƙi, tana asarar ƙarfi a kowace kwana saboda guga. Jelolin igiya goma kuma suna taruwa a bakin ƙofar, daidai wurin da mai fitowa ke sa ƙafa, shi ya sa ake ba kowace launinta da jakarta. Har yanzu akwai ƙwararrun matuƙa da ke ganin gara a rage ƙyalle a gindin jigo, inda aikin ke da sauri kuma ido ke ganin abin da ya sarƙe. Suna cewa wanda bai saba fita doro da rana ba, ranar da dole ta fitar da shi cikin hadari baƙo ne a jirginsa. Masu ɗaya ra'ayin kuma suna amsawa da cewa mafi yawan waɗanda teku ya ci, daga kan doro ya ɗauke su.

Gasar Vendée Globe, wadda Philippe Jeantot ya kafa a 1989 daga garin Les Sables-d'Olonne, ita ta kai ra'ayi na biyu matuƙa. Titouan Lamazou ya ci ta farko cikin kwana 109 a gurbi buɗaɗɗe. A ta 1996 zuwa 1997, jirage da dama suka kife a tekun kudu. Gerry Roufs na Kanada ya ɓace, Tony Bullimore na Ingila kuwa ya yi kwana huɗu a cikin gangar jirginsa da ke kife kafin sojojin ruwan Ostareliya su cece shi. Bayan wannan aka wajabta ƙofar tsira ta biyu a bayan jirgi, wadda za a iya fita ta cikinta ko jirgin na kife. Da jirage suka samu fikafikan ƙarƙashin ruwa suka fara gudun da ya wuce kilomita 50 a awa, ruwan da ke share doro ya zama kamar jifa, sai rufi ya yi ta rarrafowa bisa gurbi. A 2019 jirgin Hugo Boss na Alex Thomson ya mai da gurbin cikin ɗaki gaba ɗaya, manaɗai a ciki, matuƙi yana duban ƙyallayensa ta kyamara. Gurbi da ƙofa da fiyano sun zama wuri guda, kamar yadda suke a ɗan jirgin Hasler na 1960.

Kammalawa

Tabarly, wanda ya buɗe wa Faransa wannan hanya, bai taɓa rabuwa da jirgin mahaifinsa ba, Pen Duick na farko, wanda William Fife ya zana a 1898 bisa tsohon tsari, inda mutum ke zuwa wurin igiya. Daren 12 zuwa 13 ga Yuni 1998, a gaɓar Wales, yana kan hanyar Sikotilan a shekarar da jirgin ya cika ɗari, iska ta ƙaru, ya fita doro domin rage ƙyalle ba tare da igiyar ɗamara ba. Sandar saman ƙyallen ta buge shi ya faɗa teku. Yana da shekara 66, kuma babu wanda ya fi shi sanin wannan jirgi.

Ga malamin da ke koyar da tarihi ko fasaha, a nan akwai abin nuna wa ɗalibi. Littattafanmu sun fi ba da labarin wanda ya ci gasa da yawan kwanakin da ya yi, su tsallake tsayin dokin ƙofa da mazaunin manaɗi. Alhali kuwa sakatar da ke buɗewa ta fuska biyu, da magudanar da aka faɗaɗa, da ƙarfen da ke bakin matakala, kowanne yana da shekarar da aka sa shi da mutanen da aka rasa kafin a sa shi. Wanda ya koyi tambayar dalilin da ya sa aka ajiye abu a nan ba a can ba, ya samu mabuɗin karanta kowane kayan aiki da hannun ɗan Adam ya tsara.